Gammon Waya a Jirgin Injiniya

Ranar da mota ta sauke ni a tashar Kawo, dukiyata a duniya ba ta wuce akwatin kayan aiki da riga biyu ba, sai matar da na baro a Damagaram da ƙaramin ciki. Sana'ata gyaran wutar mota, abin da mutanen Kaduna ke ce wa rewaya. A gida an ce mini motocin Kaduna sun fi ƙarfin masu gyaransu, ni kuwa na yarda, don wanda ƙafarsa ke ƙaiƙayin tafiya ba ya tsananta bincike. Na ce wa Hauwa kafin ta haihu na dawo.

Ko rigata ban karkaɗe ba wani mutum mai fara'a ya tare ni. Ya dubi akwatin, ya dube ni, ya ce, "Maigida, daga ƙasar Faranshi?" Na ce daga Damagaram. Ya ce ai kakarsa ma 'yar can ce, kuma Allah ne ya haɗa mu, don akwai wani gareji nan baya da ke neman rewaya ruwa a jallo. Ya ɗora akwatina a kansa, wai baƙo ba ya ɗaukar kaya. Na bi shi ina cewa a raina ashe mutanen birni ma sun san girman baƙo. Muka ratsa tsakanin wasu bas biyu, ni na fito ta ɗaya gefen, shi bai fito ba. Har yau yana kan hanyar kai ni garejin.

Wani mai shayi ɗan Maraɗi ne ya ji harshena, ya ba ni burodi, ya haɗa ni da 'yan ga-ruwa mutanenmu da ke Rigasa. Rigasa a lokacin gidaje ne ke tsirowa a cikin gonaki, ko'ina bulo da yashi, ruwa kuwa sai an saya. Muna kwana a wani shago da ba a gama gininsa ba, mu da yawa, amma kowa ya shigo sai ya juya wa bango fuska da tasa damuwar. Hannun da ya saba da waya ya koma tura kura. Wahalar ba ta dame ni ba kamar yadda zan wuni ina shiga gidajen mutane, abin da zan ji kawai shi ne, "Mai ruwa, juye a randar can."

Akwai wani ɗan unguwarmu, Lawali, direban babbar mota da ke kai dabbobi kudu. Yakan yada zango a Rigachikun, ni kuwa da na ji ya iso sai in ajiye kura in tafi. A bakinsa nake jin duk labarin gida. Wata rana muna zaune gindin motarsa ya ce, "Isufu, Hauwa ta sauka lafiya. Ɗiya mace. An sa mata sunan tsohuwarka."

Na sunkuyar da kai, na ce, "Yaya hanya?"

Ya yi dariya ya ƙyale ni. 'Yar fari ce, ga kuma sunan mahaifiyata, kunya ta zama biyu. Mu yadda aka rene mu, namiji ba ya ɗauko zancen ɗansa na fari a gaban mutane, ko an tambaye shi sai ya kau da kai. A bas ɗin komawa kuwa na juya fuskata wajen taga ina ta murmushi ni kaɗai kamar sabon kamu. A ranar na so in wuce gida. Amma da wace fuska? Mutum ya fita da akwati ya dawo babu ko akwatin.

Daga baya na samu wani rewaya a Panteka ya ɗauke ni, ina aiki da kayansa. Ranar farko na ce a miƙo mini turnabis, rumfar gaba ɗaya ta kwashe da dariya, wai sukuddireba ake cewa. Na ce babu kuran a wayar nan, suka ƙara wata dariyar, wai wuta. Daga ranar sunana ya koma Turnabis. Ba mugaye ba ne, amma idan an tashi aiki kowa yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa, ni kuwa sai in tsaya bakin titi ina kallon motoci har lokacin salla ya yi. Sallar layya ta same ni a can, na ci naman da aka ba ni a tsaye.

A nan wani dattijo ya kawo tsohuwar fijonsa, fitilu sun ƙi kamawa. Dogo ne mai tumbi da farin gilashi, ana ce masa Injiniya, ya yi ritaya daga aikin gwamnati. Ina ƙarƙashin sitiyari na ce kuran ba ya isowa. Sai na ji ya buga cinya.

"Badamagare! Yau na kama bawana."

Na leƙo, na ji Kananci tsantsa a bakinsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, Bakano ai ko ya yi furfura yaron Badamagare ne."

Ya yi dariya har da tari. Tun da na zo Kaduna ba a taɓa yi mini wasan da na san amsarsa ba sai ranar, har na ji idona ya yi zafi. Ya ƙare mini kallo daga sama har ƙasa, ya ce, "Ga ka siriri kamar tsinken tsire. Kai nake nema. Ka taɓa ganin jirgin sama a cikin gareji?"

Gidansa a Unguwar Sarki yake, babba, da itatuwan mangwaro, shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Hajiyarsa ta rasu, 'ya'yan wasu suna Ikko wasu suna Turai, mai dafa abinci yakan zo ya ajiye ya tafi. Ya buɗe ƙofar garejin, sai ga shi, gani ya kori ji. Ɗan ƙaramin jirgi ne na farin ƙarfe irin wanda ake tukunya da shi, kujera biyu, fukafukansa jingine da bango. Gunduwa-gunduwa aka aiko masa da shi a cikin akwatunan katako, shi kuma yana haɗawa da hannunsa. Ya ce tun yana saurayi ya so tuƙin jirgi mahaifinsa ya hana, sai da ya je kwas waje ya koya a ɓoye. Abin da ya rage yanzu shi ne wayoyin da za su bi ta cikin gangar jirgin har wutsiya, wurin kuwa yana tsukewa kamar bututu, tumbinsa da ciwon bayansa ba za su bar shi ya shiga ba.

A mota, ka naɗe waya da salatif ka cusa ta inda ta samu, an wuce wurin. Baba, haka na koma kiransa, ya ce a jirgi wayar da ba a ɗaure ba maciji ce. Inji yana girgiza komai, waya ta riƙa gogar bakin ƙarfe har robarta ta cinye, ko ta faɗo kan igiyoyin ƙarfen da ke juya wutsiya ta sarƙe su. "A sama kuwa, Badamagare, babu gefen titi."

Ya zuba mini wasu 'yan abubuwa a tafin hannu. Na farko ɗan falle ne na roba mai kusurwa huɗu, bai fi farcen babban yatsa da yawa ba, da 'yar kafa a bayansa, ƙasansa kuma da gam an rufe da takarda. Na biyu siririn maɗauri ne mai haƙora, idan ka zura bakinsa ka ja ya kama, ba ya komawa baya. Ya faɗi sunayensu da Turanci, suka shiga ta kunnen nan suka fita ta wancan. Na ce wannan da waya ke zama a kansa ai gammo ne, wancan kuma zarge. Ya ce Damagarawa ba sa rabo da ƙauyanci, amma daga ranar shi ma haka yake kiransu.

Sai in shiga da rarrafe, tocila a baki. In goge wurin da tsumma da ɗan fetur har ya bushe, in ɓare takardar, in danna gammon da yatsa in riƙe. In ba da tazarar taƙi guda in sa wani. Sannan in jera wayoyin a kai, in zura zarge ta kafar in ja, ba can sosai ba don kada ya ciji waya, in yanke jelar daidai wuya, in ba haka ba ta tsaga mini hannu idan na zo fita. Baba yana waje a kan kujera yana ba ni labarin zamanin da Kaduna ke da fitilun titi masu ci, muryarsa tana iso ni ta cikin ƙarfe. Ya faɗa mini tun farko cewa gam kaɗai ba abin dogaro ba ne a jirgi. Kowane gammo sai an huda an kama shi da ƙusar ribit, amma sai mun tabbatar da hanyar da kowace waya za ta bi, don rami idan an huda shi ba ya toshewa.

Da azahar ta farko na ɗauki kwanona zan koma gindin mangwaro. Ya ce, "Ina za ka? Kawo hannunka nan." Muka ci a kwano ɗaya, yana turo mini nama yana cewa bawa sai da ƙoshi. Ya ba ni ɗaki a bayan gidan, na ƙi, don ina ganin idan na bar shagon Rigasa kamar na yarda ke nan na zauna a Kaduna. Ya san ina da mata a gida. Zancen yarinyar kuwa bai taɓa fita daga bakina ba, sau da yawa yakan zo har maƙogwaro in haɗiye shi da tuwo.

Wata rana ya shafa kujerar dama ya ce, "Ranar da ya tashi, wannan taka ce. Damagaram za mu fara zuwa, in sauke ka a gaban danginka su san Bakano ya fi su."

Da wasa ya faɗa, amma ni na ɗauka da hannu biyu. Zuwan Lawali na gaba na ce masa ya gaya wa mutanen gida su kwantar da hankalinsu, a jirgin sama zan dawo. Magana zarar bunu. Lawali kuwa ba ya ajiye zance, kafin wata ya zagayo har yaran unguwa sun sani, wai idan jirgi ya gifta sai su ruga ƙofar gidanmu suna ihu ga Isufu nan. Na rufe wa kaina hanyar mota da bakina.

Muna dab da gama wutsiya bazara ta shigo. Garejin rufin kwano ne, da rana ciki kamar tanda. Na shiga wata safiya na tarar gam ya narke, gammo sun saki, wayoyi sun zubo suna lilo a kan igiyoyin ƙarfe. Na fito raina a ɓace. Baba ya duba da tocila, ya ce zafi ne, sai mu sake. Na kankare tsohon gam da farce, na goge, na manna sababbi. Na ce ko mu sa ƙusar yanzu? Ya ce tukuna, yana tunanin sauya wa wayar fitilar wutsiya hanya.

Haka muka shiga wani irin zagaye. In gama gefen dama, na hagu ya zubo. In gama na hagu, mu koma fukafukai, kafin mu dawo na tsakiya sun saki. Wani lokaci gammon su ƙare, mu zauna jiran wanda zai taho da su daga waje, muna goge abin da muka riga muka goge. Ni dai ina tsine wa zafin Kaduna da gam ɗin Turawa. Albashina bai taɓa makara ba, abinci kuwa har na fara yin kumatu, amma ko na ƙoshi sai in ji wani rami a cikina. Idan na ga mutum ya saɓa 'yarsa a kafaɗa a bakin masallaci, sai in sauya hanya. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa.

A cikin wannan daminar Lawali ya zo, bai yi mini wasan da ya saba ba. Ya ce, "Isufu, in gaya maka gaskiya ko in yi maka kara?" Na ce ya faɗa. Ya ce surukina ya gaji, ya ce idan aka cire amfanin gona ban zo ba zai kai maganar gaban alƙali, aure ba a yin sa da saƙon baki. Sannan ya ce, "Ɗiyar nan tana magana sarai yanzu. Ƙanenka Sani take ce wa Abba."

Ranar Lahadi ce, ba na zuwa aiki. Daga Rigachikun ban bi ta Rigasa ba, na wuce Unguwar Sarki in tambayi Baba gaskiyar ranar da jirgin nan zai tashi. An yi yayyafi, garin ya yi sanyi. Ƙofar garejin a buɗe take kaɗan. Kafin in yi sallama na hango ƙafafu biyu sun leƙo daga cikin gangar jirgin, da silifas ɗin da na sani. Mutumin da ya ce bayansa ba ya lanƙwasuwa ya cusa kansa har ƙugu, yana nishi. Sai na ji ɗan ƙara, ɓas. Can kuma, ɓas. Na san ƙaran, ni ne mai jin sa duk lokacin da nake ɓamɓare tsohon gammo.

Na tsaya kamar an dasa ni. Abin da ya fara zuwa mini shi ne in kama ƙafafun nan in fizgo shi waje. Na ja da baya zuwa gindin mangwaro har numfashina ya daidaita, sannan na yi gyaran murya na yi sallama da ƙarfi.

Ya daɗe kafin ya fito. Hularsa ta faɗi, gilashin ya karkace, hannunsa ɗaya a bayansa. Ya ce, "A'a, Badamagare, yau Lahadi? Dubawa na yi. Zafi ya sake zubar da su."

Na ce, "Baba, damina ce."

Ruwa yana ɗiga daga bakin kwano. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya fito da hannun ya ajiye 'yar wuƙar cin abinci a kan teburin aiki. Ya zauna a kujerarsa kamar an sauke buhu.

Ya ce, "Na farkon nan zafi ne, wallahi zafi ne. Da na ga ka koma ciki kana sakewa, sai na ji daɗi. Daga nan shaiɗan ya samu ƙofa." Ya cire gilashin yana gogewa da bakin riga. "Tun da Hajiya ta rasu ba wanda ya sa hannu a kwano ɗaya da ni sai kai. Na ce idan an gama zai tafi. Na ce matashi ne, mata tana wurin iyayenta, shekara ɗaya ba za ta kashe kowa ba."

Na buɗe baki, kunyar ta zo kamar kullum. Wannan karon na ture ta. Na ce, "Akwai yarinya. A ciki na bar ta. Ban taɓa ganinta ba."

Ya ɗago da sauri. "Kana da 'ya? Duk zaman nan?"

"Ta fari ce, Baba."

Ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya maimaita. Shi ma Bahaushe ne, bai tambaye ni dalilin da ya hana ni faɗa ba. Ya rufe fuska da tafin hannu, na ga kafaɗunsa suna motsi, ni kuma fushin da na shigo da shi na neme shi na rasa. Tausayinsa na ji, da tausayin kaina, har ban san wanda ya fi ba.

Da ya samu kansa ya ce, "Ko yau aka sa ƙusar nan, da sauran aiki a inji, ga izinin hukuma, ga tsallaka iyaka. Jirgin nan ba zai kai ka ko'ina a bana ba. Ka hau mota, Isufu."

Na ce sai na kama masa gammon tukuna, kada in bar masa maciji a wutsiya. Bai yi musu ba. Ya buɗe wata durowa ya ɗauko injin huji da bindigar ribit da ƙusoshin, ashe tun tuni suna nan. Aikin da ya cinye mana damina biyu bai kai mako ba. Ina ciki ina hudawa, yana waje yana miƙo mini ƙusa ɗaya bayan ɗaya, babu labari, babu tsokana. Da azahar mu ci abinci, ya riƙa turo mini naman duka.

Shi ya kai ni inda Lawali yake lodi a kan hanyarsa ta komawa. Ya sauke mini sabon akwatin kayan aiki daga but ɗin motarsa, da atamfa, da wata 'yar riga da ya saya da ka, don bai san girman mai ita ba, ni ma ban sani ba. Na durƙusa in yi godiya ya ɗaga ni. Ya ce, "Ka yafe mini." Na ce na yafe, shi ma ya yafe mini. Ya so ya yi wasan nan namu, ya fara cewa, "Bawa ya gudu," muryar ta ƙi. Da muka hau titin Zariya na leƙa ta madubi, yana tsaye jikin fijonsa, hannu a goshi, bai shiga ba. Ban sake ganinsa ba, kuma ban taɓa jin ko jirgin ya tashi ba.

Na sauka a unguwarmu daga motar shanu, ina warin kashinsu. Na shirya wa dariya, amma ba wanda ya yi ta sosai. Yaran da ke ihun jirgi sun gaji sun sami wani abin yi. Tsohuwa ta kama kaina tana kuka, surukina ya amsa gaisuwata a daƙile amma ya amsa, Hauwa ta gaishe ni daga bayan labule. Aka shimfiɗa mini tabarma a zaure aka kawo tuwo. Na wanke hannu na zauna, sai na ga ina jiran wani ya sa hannu tukuna. Lokacin azahar ne, na san a Unguwar Sarki ma an ajiye kwano.

Sai na ji tafiyar ƙananan ƙafafu. Yarinya ce riƙe da kwanon sha da hannu biyu, ruwan yana zuba a ƙafarta. Goshin tsohuwa ne sak. Mutane na zaune, don haka na kau da kai kamar yadda ya kamata, ina kallonta ta wutsiyar ido. Ta tsaya nesa da ni, ta durƙusa ta ajiye kwanon, ta juya wajen Sani da ke bakin ƙofa.

Ta ce, "Abba, na kai wa baƙon ruwa."